Kishina da Mai Keke

Abubuwa da yawa na manta a rayuwata, har da sunayen wasu yaran da na koyar bara, amma washegarin wani bikin suna da aka yi a garin Basirka ba zai taɓa barin kaina ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin sai da na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni malamin firamare ne a Birnin Kudu, kuma ni ma'abocin kallon fim ne, amma fim ɗin faɗa. A ba ni 'yan China su yi ta tashi sama suna karya tebur, a gama, mugu ya mutu, kowa ya kama gabansa. Abin da nake so a ciki ke nan: babu kuka, babu dogon surutu, kuma ko ka fita ka yi alwala ka dawo ba ka rasa komai ba. Matata Saratu kuwa fim ɗaya take da shi a duniya, wani tsohon fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. Ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce "mai keke", saboda jaruminsa kullum a kan keke yake, da wata yarinya a baya ta riƙe masa riga.

Tun muna ango da amarya na tsani mutumin nan. Dogo ne, ga gashi kwance yana sheƙi, ga gashin baki kamar an zana da biro. Da ya fito a talabijin sai Saratu ta ajiye duk abin da take yi, ko da kuwa tuwona ne a kan wuta. Idan ya yi dariya ta yi murmushi, idan ya waiga ya yi wa yarinyar magana sai idonta ya ciko. Ni da nake tashi da asuba in yi ta fama da 'ya'yan mutane don a ci a gidan, ban taɓa samun irin wannan kallon ba. Shi ya sa ban taɓa zama na kalli fim ɗin ba. Da na ji ƙararrawar keken nan sai in ɗauki hulata in fice majalisa (in je can in yi ta zagin gwamnati, alhali ba ita ta ɓata min rai ba).

Sau ɗaya na tambaye ta abin da take gani a jikin wannan mai gyaran gashin. Ta dube ni ta ce, "Malam, ba za ka gane ba." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na kwana ina juya maganar nan, na tashi da ita.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku. Na tara gashin baki. Na sayi man gashi mai ƙamshi a kasuwa, alhali kaina ya fara sanƙo tun ina makarantar horon malamai. Har keken maƙwabcina na ara wata Juma'a, wai ina motsa jiki, na yi ta kai da komo a ƙofar gida ina kaɗa ƙararrawa. Saratu ta leƙo ta tambaye ni ko mai ne ya ƙare a mashin.

Ana cikin haka yayarta ta haihu a gidansu da ke Basirka, Saratu ta tafi tun kafin suna don ta taya aiki. Washegarin suna na buga mashin tun da sassafe na bi ta Gwaram na je ɗaukarta. Na isa da hantsi, na tsuguna daga nesa na gaida surukata, Inna, kaina a ƙasa, ita ma ta amsa tana kallon wani gefen, kamar yadda muka saba shekara da shekaru. Duk zaman da na yi da 'yarta ba na jin mun haɗa ido sau ɗaya, kuma a wajenta ni mutum ne mai kunya da nutsuwa. Wannan shaidar ita ce babban abin da na mallaka a gidan, kuma ina ji da ita.

Bayan an kawo min fura, sai ƙanwar Saratu, Ladidi, wadda abokiyar wasata ce tun ina zuwa zance, ta ce in shigo rumfa ana kallo. Na tambaye ta ina Inna, ta ce ɗazu ta ga ta ɗauki mayafi. Ni kuma na ɗauka ta shiga maƙwabta bangajiya, ban ƙara bincike ba. Na shiga na tarar da 'yan mata da matan gida sun kewaye ƙaramar talabijin da aka jona da batirin sola. Kun riga kun san wanda na tarar a ciki yana tuƙa keke.

Sai dai babu magana, hoto ne kawai. Wai a hidimar suna wani ya zubar da kunu a kan sifika ta mutu. Amma ko a jikinsu, sun zuba ido suna kallo, don duk sun haddace shi. Saratu na gefe da jaririyar a cinya, fuskarta ta yi wannan laushin da nake kishi. Ladidi ta ce, cikin tsokana, tunda ni malami ne mai ilimi, in fassara musu mana.

Da ina da hankali da na yi dariya na sha furata. Amma wani abu ya raɗa min cewa yau ga ni ga shi, kuma ba shi da bakin kare kansa. Na gyara zama kusa da talabijin, na shaƙe murya irin ta masu fassara. Jarumin ya tsaya gaban madubi, na ce, "Kai, Allah ya yi halitta a nan. Bari in ƙara mai, ko kwabo ban da shi amma gashi ya sha." 'Yan matan suka fashe da dariya. Ya hau keke, na ce na aro ne, mai shi na nan tafe da sanda. Ladidi har da riƙe ciki. Rabon da a saurare ni haka tun ranar da na fara aikin koyarwa, sai kaina ya ƙara girma.

Daga nan aka nuno yarinyar. Na matse murya na koma ta mata, har da karya wuya da fari da ido (ni, mai gashin baki, uban 'ya'ya biyu). Na sa ta tana ce masa masoyina, hasken idona. Shi kuma na sa shi yana ce mata ita ce ta huɗu da ya ɗauka a keken nan yau, ta yi sauri ta sauka akwai wata tana jira a bakin kasuwa. Dariyar ta ragu. Na ɗauka sun gaji ne, sai na ƙara wuta.

Aka zo wani waje da yake kwance a gadon asibiti, yarinyar ta zauna kusa da shi tana ɗaura masa wani jan zare a hannu tana kuka. Ni kuwa na ce asiri take masa don kada ya auri wata. Na sa shi yana nishi yana cewa ciwon ƙarya yake, bashin mai gyaran keke yake gudu. Na waiga don in karɓi dariyata, sai na ga babu mai dariya. Ladidi ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Saratu ta miƙa jaririyar ga wata mata, ta tashi ta bar rumfar.

A nan ne na ji murya daga bayan asabarin ɗakin da ke daf da ni, a hankali, ba faɗa:

"Ladidi, faɗa wa baƙonku, ƙanwarsa ce."

Inna ce. Ashe ba ta je ko'ina ba. Mayafin da ta ɗauka lulluɓa ta yi ta zauna a bakin ƙofa daga ciki, tana kallo ta tsakanin asabari tun farkon fim ɗin. Ta ji muryar maza, ta ji ta mata, ta ga karya wuyan. Ban san yadda na tashi ba. Na dai tsinci kaina a ƙofar gida kusa da mashin, ƙafa ɗaya takalmina, ɗaya silifas ɗin wata mata mai fure.

Saratu ta fito ta hau bayan mashin, muka kama hanyar gida. Sai da muka wuce Gwaram Saratu ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya a gindin wata tsamiya. Na zaci faɗa za ta yi, har na shirya ba da haƙuri. Sai ta zauna a kan saiwar bishiyar ta fara ba ni labarin yayansu, ɗan farin Inna, wanda ya rasu kafin in san ta. Na san da shi, amma iyakar abin da na sani ke nan, don ba a zancensa a gidan, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ta ce shi ne yake kai ta makaranta a keke kullum, tana riƙe da rigarsa ta baya. Shi ya sayo faifan fim ɗin, yana tsokanarta wai su biyu aka kwaikwaya, sai dai ya fi jarumin kyau. Da ya kwanta ciwonsa na ƙarshe, ita ce ta zauna da shi a asibiti.

"Ka san Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne," in ji ta. "Ko da ya rasu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Idan ta tuna shi sai dai ta ce a sa mana mai keke. Jiya da aka raɗa wa jaririya suna ta ce da yana nan da shi zai yanka ragon. Shi ya sa aka kunna yau."

Na tsaya da silifas mai fure a ƙafa, da gashin bakin da na tara don in yi gasa da mamaci, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce mata me ya sa ba ta taɓa faɗa min ba. Ta ce ai ban taɓa zama ba.

A makon nan na aske gashin bakin. Na zauna na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye muku ba, da aka zo wajen jan zaren sai da na ce hayaƙin maganin sauro ne ya shiga idona. Na sayi sabuwar sifika na aika Basirka tare da silifas ɗin mutane da ban haƙuri ta bakin Ladidi, don ni dai ban da ƙafar shiga gidan. Bayan kwana biyu Ladidi ta kira ni tana dariya ta ce Inna ta karɓa, ta ce babu komai, Allah ya yi albarka. Sannan ta ce a faɗa wa Malam muryar matan ya fi iyawa.

Har gobe 'yan China nake so. Amma yanzu idan na ga mutum ya nace wa fim ɗaya, ba na tambayarsa me yake gani a jikin jarumin, sai in zauna in kalla tare da shi har a gama. Idan kuma aka ce min suruka ta ɗauki mayafi, sai na ga fitarta da idona.