Rasuwar Madabod ɗin Shagon Hatimin Liao

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Liao Kun-ming nake sanar da rasuwar madabod, wato babban allon cikin kwamfutar shagonmu na sassaƙa hatimi da ke birnin Tainan. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha bakwai, hatimin wata amarya na kan inji rabi da rabi.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Da safe "tit" ɗaya yake yi ya kama aiki. Ranar Talata ya yi uku, dogaye, ya yi shiru.

Ya bar faifan ajiya ɗaya, da injin sassaƙa, da Babana.

A cikin faifan nan akwai manhajar da Baba ya zuba rubutun hannunsa a cikinta, harafi dubu huɗu, kafin shanyewar jiki ta ɗauke masa hannun dama. Kamfanin da ya yi ta ya rufe tuntuni. Ba inda za a sake samo ta. Kawu Tseng mai gyara ya samo wani madabod ɗan kunce, sa'an marigayin. Ya ce in faifan ya karɓi baƙon, shi ke nan. In ya ƙi sai fomat, wato a goge faifan kaf, rubutun dai zai kwafu, amma babu sauran abin da zai iya buɗe shi.

Game da jinya. A nan Tainan kowa ya san ana ɗora wa na'ura koren ƙunshin kayan ƙwalam don ta yi ladabi, kuma ba a bari wa'adinsa ya wuce. Baba bai taɓa bari ba. Da ya kwanta, aikin ya dawo kaina. Kawu Tseng ya juya ƙunshin, ya karanta kwanan watan, ya dube ni.

"Wata biyar da wucewa, ɗan samari. Ko ni ne sai in mutu."

Ya ce wasa yake, zafi ne da tsufa suka kashe shi. Mama ba ta yi dariya ba. Har yau ba ta gaya wa Baba maganar ƙunshin ba, ni ma haka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe goma na safe a shago. Za a cire gawar, a sa magajin, a kunna sau ɗaya. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo fure. Su kawo koren ƙunshi, ban da rawaya, shi ba ya aiki, su duba kwanan wata.

Baba ya ce a turo shi a keken marasa lafiya. Shi zai danna maɓallin kunnawa, da hannun hagu. Kafin ya danna zan faɗa masa batun wata biyar ɗin.