Mutum Ashirin da Takwas a Kan Tudu, Biyu a Cikin Jirgi

Jama'a, ku taya ni murna, in kun gama kuma ku taya ni ba wa matata haƙuri. Ranar Alhamis da ta wuce na ɗauki hoton da ya fi duk wani hoto da na taɓa ɗauka a shekara arba'in da na yi ina bin jiragen ƙasa da kyamara. Na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya, wando ya yage daga gwiwa zuwa idon sawu, taɓo har cikin kunne, amma bakina ya ƙi rufuwa don daɗi. Ita kuwa matar tawa, Danuta, tun ranar ba ta ce mini uffan ba. Abinci dai tana ajiyewa, sai dai yadda take dire kwanon ma magana ce.

Bari in faro muku daga tushe. Kun san ɗan layin dogon nan namu da ya tashi daga Malinowa ya ƙare a ƙauyen Stara Lipa. Shekara uku ke nan da Mai Girma Sarkin Jadawali, Allah ya ƙara masa basira, ya duba ya ga jirgin safe yana cika da ma'aikata da 'yan makaranta, abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya mai da shi ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, lokacin da duk mai aiki ya riga ya kai wurin aikinsa. Da ya ga fasinja sun ragu, mamaki ya kama shi, ya kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau tara a wani otal na bakin tafki, ya gano cewa mutanen yankinmu ba sa son jirgi. Aka yanke hukunci: za a yi ƙidaya rana ɗaya, in an samu mutum ashirin da biyar a zaune cikin jirgin, layi ya tsira, in ba a samu ba a rufe shi.

Kuma in yaba musu, ba su ɓoye ranar ba. Sun manna sanarwa a ɗakin jiran fasinja na tasharmu, wanda ke kulle da kwaɗo tun shekara shida. Shugaban ƙungiyarmu ta masoya dogo, Pan Bogumil, wato Malam Bogumil a yarenmu, shi ya karanto ta ta taga da doguwar kyamararsa.

To, mu layin nan abin ƙauna ne a wurinmu, amma akwai wadda ya fi mu buƙatarsa. Maƙwabciyata Pani Genowefa, wato Malama Genowefa, shekararta saba'in da huɗu, duk Alhamis takan ɗauki tukunyar romon kaza ta shiga jirgin ta kai wa yayarta Jadwiga, wadda ke kwance a Stara Lipa tun da ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Ba motar haya da ke zuwa ƙauyen, ita ba mota gare ta ba, 'ya'yanta duk suna ƙasashen waje. In aka rufe layin, an raba ta da 'yar'uwarta ke nan. Da na tsallaka na yi mata albishir cewa ƙungiyarmu za ta cika jirgin maƙil, sai ta dube ni ta saman tabarau.

“Pan Ludwik, shekara nawa ina shiga jirgin nan? Kullum ina hango ku a cikin ciyawa kamar masu farautar zomo. Ban taɓa ganin ɗayanku a kan kujera ba.”

Na ce mata wannan karon daban ne. Ta ce to, Allah ya sa, za ta gasa mana kek na tuffa.

Muka yi taro. Pan Bogumil ya yi jawabi, ya ce tarihi na kallonmu. Wani ya kawo shawarar kowa ya bar kyamararsa a gida, aka yi masa ca kamar ya zagi iyayen mutane. A ƙarshe aka daidaita: a zo da kyamara, amma tana cikin jaka, jakar a zuge, kuma kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Ni ma na ɗaga, har na fi kowa ɗagawa sama. Abin bai yi mana wuya ba, don jirgin da ake turo wa layin wani ɗan guntun abu ne rawaya da muke kira Akwatin Burodi, wanda kowannenmu ke da hotonsa sama da ɗari, ko kyauta ba mai son ƙari.

Ranar Alhamis muka hallara mu ashirin da takwas, kowa da tikitinsa. Ga Pani Genowefa da tukunyarta naɗe da tawul, ga Danuta da na lallaɓo don ta ƙara yawa. Talatin cif. Har muna da rarar biyar, muna ta tsokanar juna.

Sai muka ji ƙara daga bayan kwana. Ba ƙarar Akwatin Burodi ba ce. Wata irin gurnani ce mai kauri da ke shiga ƙirjin mutum, wadda rabona da jin ta tun gashina yana baƙi. Ashe Akwatin ya mace da safe, masu gareji suka rasa yadda za su yi, suka tono tsohon kan jirgin nan kore mai shan dizal da muke kira Kaka, suka ɗaura masa tarago biyu. Kaka fa! Shekararta sittin, ita kaɗai ta rage a irinta, kuma rabon da ta taka layinmu an fi shekara ashirin da biyar. Daidai lokacin kuma hadarin da ya kwana uku a kanmu ya yaye, rana ta fito tas.

Na ga dattijo da jikoki ya dafe ƙirji. Na ga Pan Bogumil ya cire hula. Ni kaina hannuna ya tafi kan zik ɗin jaka ba da izinina ba, sai da Danuta ta buge shi. Muka shiga dai muka zauna, kowa ya ɗora jaka a cinya, ba mai kallon wani. Pani Genowefa na raba kek, mutane na karɓa suna taunawa kamar magani.

Yanzu ku ji inda shaiɗan ya shigo, kuma da hannun hukuma ya shigo. Kafin babbar gadar dutse akwai 'yar tasha a bakin daji, inda jirgi ke tsayawa minti goma sha biyu don ya ba wani jirgi hanya. Jirgin da ake ba hanyar an soke shi shekara takwas da suka wuce, amma ba a sanar da jadawali ba, don haka har yau ana tsayawa a jira shi. Daga tashar nan zuwa tudun da ke kallon gada, gudun minti takwas ne, duk ɗan ƙungiya ya san haka kamar sunansa. Ita kuma ƙidayar sai a tasha ta gaba za a yi ta, bayan jirgi ya haye gada ya zagaye kwari. Wato in mutum ya ɗauki hotonsa ya yanke ta cikin gona, zai iya riga jirgin isa. A lissafi dai haka ne.

Jirgi na tsayawa, wani ya ce zai zaga bayan gida. Wani ya ce kansa na juyawa, zai sha iska. Pan Bogumil ya miƙe da fuskar shugabanci ya ce zai je ya tsawata musu. Kowa a ransa yana cewa ai akwai rarar biyar, ni ɗaya ba zan rage komai ba. Kafin minti uku na waiga, tarago ya zama fili. Na yi ta maza na zauna, ina zufa, ina ƙirga sandunan waya. Danuta ta zuba mini ido. Na ce mata wannan abin kunya ne, bari in je in koro su.

“Ludwik, in ka taka matakalar nan, ka san sauran.”

Na ce minti biyu. Na ɗauki jaka, don kada a sace.

Ban san ina da gudu haka ba. Da na kai kan tudun ina haki, sai ga mutum ashirin da bakwai a jere reras, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda ƙa'idarmu take: ba mai wuce layi ya shiga gaban wani, ba mai tari, ba mai motsi. Pan Bogumil na tsakiya. Ba wanda ya tambayi wani me ya kawo shi. Suka matsa mini wuri cikin ladabi, na durƙusa.

Sai ga Kaka ta fito daga cikin itatuwa ta hau gada, hayaƙi na tashi a miƙe, rana na dukan gefenta, inuwar gadar kwance cikin kogi. Direban ma, ɗan albarka, da ya hango mu sai ya busa mana ƙaho. Jama'a, ni dai na yi hawaye, ba zan ɓoye muku ba. Kyamara ashirin da takwas suka yi ta ƙyas-ƙyas kamar ana soya gyaɗa. Da taragon ƙarshe ya shige muka rungumi juna, masu gaba da juna tun shekara goma suka shirya nan take. Muna cikin haka wani ya yi tambaya da ƙaramar murya, wai to wa aka bari a ciki?

Taura biyu ba ta taunuwa, iyayenmu sun faɗa, mu ne ba mu ji ba. Muka kwasa a guje. Gonar da muke lissafin yankewa ta ciki ashe an yi mata huɗa, ga ruwan kwana uku ya jiƙa ta. Ku ƙiyasta dattawa ashirin da takwas, kowa ya ɗaga kyamara sama da kai, suna nutsewa suna tashi. Nan takalmina ya zauna, har yanzu yana can. Shingen waya ya karɓi rabonsa a wandona. Muka iso tashar kamar an tono mu, jirgi na tsaye, Mai Girma Sarkin Ƙidaya na rufe fayil.

Bawan Allah, mutum mai fara'a. A motar ofis ya zo, shi da direba da mataimaka uku: ɗaya na ƙirgawa, ɗaya na rubutawa, ɗaya na tabbatar da cewa an rubuta. Sakamako: fasinja biyu. Muka zazzago tikiti ashirin da takwas jiƙaƙƙu. Ya ce tikiti takarda ne, fasinja kuwa shi ne wanda ke kan kujera. Muka ce to ga mu, bari mu hau. Ya nuna agogo, ya ce an tsara ƙidaya sha biyu saura minti takwas, an kuma yi ta a kan kari, yanzu sha biyu ta gota. Na ce ranka ya daɗe, ku biyar ɗin nan da kun shigo jirgi ai da an samu bakwai. Ya yi dariya ya ce su ba sa shiga jirgi, lokacinsa ba ya yi musu daidai. Ina roƙon a ba mutumin nan lambar yabo. A tarihin layin nan kaf, aikinsa ne abu na farko da ya taɓa faruwa a kan lokaci.

Na so in yi ta zagin hukuma har Stara Lipa, kuma da hujjata. Amma laifi tudu ne, kuma nawa na taka da ƙafata har na durƙusa a kai. Muka shiga jirgi muka zauna tsit, taɓo na ɗiga. Abin da na fi tsoro shi ne bakin Pani Genowefa, sai ga shi ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo hannu ta ce in nuna mata abin da na ɗauko. Na kunna mata. Ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. Hasken ya yi kyau har ana ganin sararin sama ta cikin tagogin, taga bayan taga, ba kowa. Sai a ta biyun ƙarshe, ga ɗan ƙaramin kai da ɗankwali, ga murfin tukunya.

“Ya yi kyau,” in ji ta. “Ga ni nan. Ka wanko mini ɗaya babba, Pan Ludwik, in kai wa Jadwiga ta rataye. Ta riƙa ganin yadda nake zuwa mata a da.”

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na rasa inda zan sa idona, na ce mata muddin tsohuwar motata na tashi, romon nan ba zai fasa zuwa Stara Lipa ba. Ta ce ta ji, amma ta taɓa ganina na yi alkawari.

Takardar rufe layi ta fito ran Litinin, wadda ita ma ba a taɓa ganin takarda ta yi sauri haka ba. Sun ce rufewar ta wucin gadi ce, irin wucin gadin ɗakin jiran fasinja. Jiya kuma ofishin Mai Girma Sarkin Jadawali ya bugo mini waya, wai sun ga hotona, suna so su sa shi a bangon rahoto saboda ya nuna matsalar ƙarara. Za a kuma yi gagarumin bikin bankwana ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Kaka ce za ta ja jirgin, Mai Girma da kansa zai shiga da tawagarsa, da 'yan jarida, da masu busa ƙaho. Mutum ɗari uku sun riga sun yi rajista, har an ƙara tarago huɗu. Na tambaya ko za a yi ƙidaya ranar, aka ce ba a tsara ba.

Ni dai ba ni cikin bikin, ina da romon da zan kai. Sai dai na duba taswira, hanyar mota ta bi ta gindin tudun nan daidai lokacin da jirgi zai hau gada. Na ambata wa Pani Genowefa haka, a cikin hira kawai. Ta ce ba komai, ita ma ta duba, kuma ranar Danuta ce za ta tuƙa.