Rasuwar Hajiya Rakoda, Mai Riƙe da Muryar Dikko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda aka yi ta ba haƙuri ta ƙi haƙura, ni Isiyaku Tela na Gummi, a madadin gidanmu da sauran tsofaffin 'yan kallon ƙwallo na garin nan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gummi da Anka da Bukkuyum rasuwar Hajiya Rakoda mai lasifika biyu. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan cinyar yayana Dikko, tana tsakiyar aiki. Wanda zai yi dariya ya yi abinsa, amma ya daure ya karanta har ƙarshe, don ran mutum ne a cikin maganar nan.

Hajiya ce ta gaskiya, ba ta laƙabi ba. Daga Makka kawunmu ya taho da ita, naɗe cikin bargo, zamanin muna samari. Don wa'azi da labarai aka sayo ta, sai Dikko, wanda shi ne sarkin 'yan kallo na garin nan, ya saɓe ta a kafaɗa ya kai ta fili. Tun daga ranar, duk inda 'yan Gummi za su buga tana can.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacin, in za mu Anka ko Bukkuyum, motar ɗaukar shinkafa muke cikawa tun da safe, wasu har saman kanta, ana ta waƙa, ba mai leƙen daji yana tsoron abin da zai fito. Filin makarantar firamare ne, da toka ake jan layi, raga kuwa tsohuwar komar masunta ce. Wanda bai sami wuri ba ya ɗare bishiyar dogon yaro. Mu yini muna zagin 'yan Anka suna ramawa, da la'asar mu bi liman ɗaya, in an tashi su ja mu gidajensu mu ci tuwo. Dikko yana bakin layi, Hajiya a ƙirjinsa, ya danna mata jan maɓalli yana faɗa mata duk abin da idonsa ya gani. In mun dawo sai a ajiye ta tsakar gida, Inna da matan unguwa da tsofaffin da ba su je ba su kewaye ta, a sake buga wasan daga farko. Ba wanda ya isa ya faɗi yadda aka tashi kafin kaset ya kai wurin. Wanda ya yi suɓul da baka, Inna da muciya take raka shi ƙofa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha dukan ruwan sama a Bukkuyum, ta taɓa zamewa cikin kwalekwale ta jiƙe sharkaf, ƙwallo ta taɓa samunta a fuska har ta rasa maɓalli ɗaya, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta da kwaɗayi: batirin da ya mutu, a shanya shi a rana a mayar mata, ta karɓa da godiya. Mai riƙon amana ce kuma, abin da aka faɗa mata shi take faɗa, ba ragi ba ƙari, har tarin mai sayar da rake da ke tsaye bayan Dikko.

Har yanzu ina jinta a kunnena. Ƙas, sai shiiii, sai ganga, sannan muryar yayana:

"Jama'a, ga mu Anka, rana ta yi sanyi. Bature ya amshe ta. Kai wanga yaro, mi kaka jira? Ba Umaru! Umaru ya tahi, ya tahi, ya wuce guda... ta shiga! Wallahi ta shiga! Inna, kina ji? Ta shiga!"

Wannan kaset kaɗai ya rage mana, sauran kuwa zafi da gara sun gama da su. Kuma a nan kaɗai muryar Dikko ta rage a duniya. Shekarun baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da maganarsa, daga baya ya daina karɓar abinci. Matarsa Sahura ce ta gano dabara. In an ɗora masa Hajiya a cinya ya danna da hannun da ke motsi, da an zo wurin da ƙwallo ta shiga sai ya buɗe baki zai yi ihu tare da jama'a, ita kuwa ta zuba masa kunu. A zare kaset, a mayar da shi baya da biro, a sake. Da haka yayana yake ci, safe da yamma.

Jinyar Hajiya ta faro ne da jan murya, robar cikinta ta saki. Mas'ud mai gyara, wanda yanzu waya kaɗai yake taɓawa, ya yanko roba daga tsohon tiyub ɗin keke ya sa mata, ta ɗan ji sauƙi. Aka ce akwai wani dattijo a Anka da ya san ciwon irinta, amma direbobi suka ce ba mai bin hanyar a makon. Hanyar da muka bi muna waƙa ke nan. Ran Talata, Umaru na gab da bugawa, sai ta yi ƙurrr, ta haɗiye zaren kaset, wani ƙauri ya tashi. Mas'ud ya buɗe cikinta ya ce injin ya ƙone. Zaren kuma ya fito a tattaune, daidai wurin da ƙwallo ta shiga, don nan ne ya fi sirancewa saboda yawan maimaici. Ya liƙa sauran da jan farce, amma wannan wurin ya tafi.

Masu zuwa suna tambayata me ya hana mu juye shi a waya tun tuni, na gode, ku kaɗai Allah ya ba hankali. An juye. Wayar Jabiru ɗan Dikko ce, tana hannun 'yan bindigar da suka tare motarsu a hanyar Bukkuyum. Mun kunna wa Dikko wasan Turai, ya juya fuska bango. Na tsuguna gabansa na kwaikwayi muryarsa, ya dube ni hawaye na bin kuncinsa, bakin a rufe gam. Tun ran Talata ruwa kawai ake ɗiga masa. Ina jin tsoro ƙwarai, ban taɓa jin irinsa ba. Jiya Sahura ta tare ni a zaure ta ce, "Isiyaku, in ka san abin yi ka yi, ni dabarata ta ƙare."

Marigayiya ta rasu ta bar Dikko, da Sahura, da ni. Ta bar Bature, wanda yanzu ke awon shinkafa a kasuwa yana ɗingishi, da Umaru, wanda ya tafi haƙar zinari wajen Anka ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta bar biro guda wanda kansa ya cinye.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe sallah, mun kuma yarda. Ba za a binne ta yanzu ba. Za a goge ta a mayar da ita cinyar Dikko, don maɓallinta yana dannuwa har yanzu. Zaman makoki gobe Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidanmu, bayan masu sayar da kifi. Kada a kawo hatsi, kada a kawo goro, kada kuma a zo a zauna shiru. Ina roƙon duk wanda ya taɓa hawa motar nan da mu, don Allah don Annabi ya taho, ko da sanda yake dogarawa. Mai ganga ya taho da ita. 'Yan Anka da ke zaune a garin nan, ku ma ku taho ku zage mu kamar da, muna so.

Za ku tsaya bayan tagar ɗakinsa. Da kun ji ƙas, ku fara. Bature ne zai faɗi wasan, in ya ce ta shiga ku ɗaga murya iya ƙarfinku. Sahura tana ciki riƙe da ludayi. In kun ji ta ce a sake, ku sake, ko sau nawa ne.