Bindigar Ba'amurke

Shekara tara ina kuku a barikin Kazaure, har ina cika baki babu Baturen da zai firgita ni. Ranar da za mu yi baƙo daga Amurka, Di'o, Baturen Ingila, ya ce, "Kuku, ka kula. Mutanen nan ba su san ladabi ba. Kowa da bindiga a aljihu, kafin ya gaishe ka ya harbe ka."

Na bugi ƙirji gaban dogarai, na ce ni zan kai masa shayi.

Na shiga da tire. Baƙon ƙaton mutum ne, yana zaune da Di'o, ya ɗora ƙafafu kan tebur. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya zura hannu cikin kwat.

Na saki tiren, na yi shahada, na faɗa ƙarƙashin tebur na ƙanƙame ƙafar Di'o. "Ranka ya daɗe, 'ya'yana ƙanana ne!"

Ashe cingam zai ba ni. Di'o ya yi dariya har da hawaye.

Har yau in na ratsa kasuwa, sai wani ya zura hannu aljihu ya ce, "Baba Kuku, kwanta!"