Ranar da Sanƙona Ya Hau Majigi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta na makarantarmu a gaban iyayen yara ba. Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Na canza layin waya, na canza hanyar da nake bi zuwa coci, amma har yau abin kan faɗo mini ina cikin keke, sai dai in ji na ce "Kai!" da ƙarfi, fasinjoji su waiwayo suna duba ko maciji na gani.

A lokacin ina aiki a wata makaranta mai zaman kanta a Nasarawa, nan Kaduna. Ni ke kula da kwamfutoci, ni ke koya wa yara. Takardata ba ta wuce difloma ba, amma kowa Injiniya yake ce mini (ni na fara kiran kaina haka, ban kuma ji wanda ya hana ba). Mai makarantar, wadda muke kira Madam, tsohuwar malama ce mai tafiya da sanda da murya kamar tsawa. Ita ta tattaro tsofaffin kwamfutoci daga nan da can, don 'yan ajin ƙarshe su riƙa gwada jarrabawar shiga jami'a, tunda yanzu a kwamfuta ake rubuta ta, kuma yawancin yaranmu ko taɓa kwamfuta ba su taɓa yi a gida ba.

Na ɗora wa na'urorin tsarin nan na kyauta, Linux. Ku yi haƙuri in ɗan yi bayani, don in ba haka ba ba za ku gane girman wautata ba. A wannan tsarin ba a bin shafi-shafi ana tsinto manhaja. Akwai rumbu na masu tsarin, inda suka tara manhajojin da suka tantance, suka tabbatar kowace tana zaman lafiya da 'yar'uwarta. In kana son abu, daga nan kwamfuta take ɗauko maka. Akwai kuma rumbunan wasu mutane can daban, kowa da nasa, in ka ga dama sai ka nuna wa kwamfutarka ɗaya. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta san ɗan gida ba, ba ta san baƙo ba. Ranar da ka ce ta sabunta kayanta, duk rumbun da ka taɓa nuna mata sai ta leƙa, duk abin da ta ga ya fi sabuwar lamba ta kwaso, ta cire na gida ta dasa na baƙo. Sai fa in ka rubuta mata ƙa'ida: daga rumbun wane, abu kaza kaɗai za ki ɗauka, sauran ko kallonsu kada ki yi. 'Yan layuka ne, kafin shayi ya huce ka gama.

Na san wannan. Ba sani kaɗai ba, wa'azinsa nake yi. Malam Sabo, malamin lissafi da ke zuwa daga Tudun Wada, mutum mai sanyin hali, ya taɓa roƙona in sa masa wata manhajar zane da ya gani a intanet. A ɗakin malamai na tsare shi, kowa na ji.

"Malam Sabo, kana cin abincin da ba ka san wanda ya dafa ba?"

"Injiniya, zane kawai nake so yara su gani."

"Ai da haka ake fara kashe na'ura. Rumbun waje bai shiga ɗakina."

Ya ce to, ya ɗauki allinsa ya fita. Ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma. Har wani tsari na yi da nake alfahari da shi: duk abin da na shirya a babbar kwamfutar da ke kan teburina, ranar Juma'a bayan an tashi, sauran kwamfutocin za su kwafa, su sabunta kansu ba tare da na taɓa su ba.

To, yanzu sai maganar kaina. Ina nufin kan da ke bisa wuyana. Sanƙo ya kama ni tun ban kai ko'ina ba, kuma ba irin mai mutuncin nan da ke share kai gaba ɗaya ba. Nawa ya cinye tsakiya ya bar gefe, kamar gonar da shanu suka shiga suka ji ana zuwa. Shi ya sa ba a ganina ba hula. Goggo Ladi, ƙanwar babana da nake zaune kusa da ita a Unguwar Boro, ta gaji da ganina ba aure, ta haɗa ni da 'yar ƙawarta, wata nas a Jos mai suna Rifkatu. Muka fara waya. Yarinya mai hankali, mai dariya daga cikinta. Na daɗe ban ji wani ya tambaye ni ko na ci abinci ba, sai ita. Wata rana ta ce, "Don Allah turo mini hotonka wanda babu hula. Ko a cikinta aka haife ka?"

Na yi dariya a waya, na ce zan turo.

Washegari lokacin tara, ɗaki ba kowa, na shiga bincike. Na samo wata manhajar gyaran hoto da aka ce tana dasa gashi ba a ganewa. Na duba rumbun gida, babu ita. Tana rumbun wani bawan Allah da ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, ban san ko yana da rai ba. Na waiwaya dama da hagu (kamar kwamfuta za ta kai ƙarata wurin Malam Sabo), na ƙara rumbun a babbar kwamfutar teburina, na sauke manhajar. Saura ƙa'idar nan ta 'yan layuka. Sai ƙararrawa ta kaɗa. Na ce in na fito daga aji zan rubuta.

Da na fito daga aji, hoto na zauna gyarawa. Na dasa wa kaina suma baƙa ƙirin, irin wadda ko ina ɗan sakandare ban taɓa samu ba, na tura. Ba a daɗe ba amsa ta zo: "Ashe ɓoye mini arziki kake yi!" Daga nan hankalina ya bar jikina. Kwaɗayi ya sa na ɗauko wani hoton na fara yi masa aiki, na kai rabi aka kira ni ofis, na bar shi a buɗe. Ƙa'ida kuwa ko a mafarki ba ta sake zo mini ba. Juma'a ta zo, kwamfutoci suka yi biyayya kamar yadda na koya musu. Suka kwafi rumbun baƙo, suka leƙa ciki, suka tarar ashe bawan Allahn nan ba manhajar gashi kaɗai ya ajiye ba, har da nasa sababbin sassan da tsarin gaba ɗaya ke tsaye a kansu. Suka kwashe duka.

Asabar ce ranar buki. Madam ta gayyaci iyaye su zo su ga yaransu suna rubuta jarrabawar gwaji a kwamfuta. Shugaban iyayen yara, Baba Danjuma, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, yana kujerar gaba da babbar riga. Goggo Ladi ma ta zo, ba a gayyace ta ba, ta kuma taho da ƙawayenta na zumuntar mata su ga ɗanta Injiniya. Na sa kwat, na sa sabuwar hula. Ban gwada na'ura ko ɗaya da safen ba. Me zan gwada? Aikina ne.

Aka ba ni dama in yi jawabi, na kuwa yi. Na ce, "Iyayena, ku kwantar da hankalinku. Babu abin da ke shiga waɗannan na'urori sai da izinina. Ni ne mai gadin ƙofa, kuma ba na gyangyaɗi." Aka yi tafi. Goggo Ladi har da guɗa.

Na ce yara su kunna.

Hannu na farko da ya tashi na wata yarinya ne a layin gaba. "Onkul, tawa ta buɗe ta rufe." Sai na kusa da ita, "Onkul, tawa baƙi kawai take nunawa." Kafin in isa wurinsu hannuwa sun tashi ko'ina. Manhajar jarrabawa ta ƙi tashi a ko'ina, wasu na'urorin ma farin rubutu kawai suke zubowa a baƙin allo. Ina kallon rubutun nan na gane. Gumi ya keto mini ta ƙarƙashin hula.

Da mai hankali ne ni, da nan na ce a yi haƙuri, laifina ne. Amma bakina ya riga ni.

"Wani ya taɓa na'urorin nan," na ce. Kuma, Allah ya gafarta mini, na juya na dubi Malam Sabo. Kowa ya bi idona.

Ya ce a hankali, "Injiniya, ni ko makullin ɗakin nan ban taɓa riƙewa ba."

Madam ta buga sanda a ƙasa. "Ba surutu na tara mutane su ji ba. In wani ya taɓa, nuna mana."

Na nufi teburina da dabara a raina: in yi kamar ina bincike, in goge rumbun a ɓoye. Na manta tun da safe na haɗa kwamfutar da majigi don a haska "Mun gode da zuwa" a bango idan an gama jarrabawa. Na taɓa ta, ta farka, majigi ya farka tare da ita. Ita ma ta sha sabuntawar, kusan komai nata ya rikice. Abu ɗaya ne ya rage da ƙoshin lafiya, tunda yanzu duk gidan ya koma na danginsa: manhajar gashi, da aikin da na bari a buɗe.

Fuskata ta bayyana a bango, girmanta ya kai ƙofa. Ina murmushin nan na neman aure, kai a karkace. Ɓangaren dama na kaina suma ce lif-lif kamar ta ɗan wasan ƙwallo. Ɓangaren hagu kuwa yana ƙyalli, har da hasken taga a kansa. Na danna in rufe, ta ƙi. Na sake dannawa, hoton ya ƙara matsowa kusa.

Baba Danjuma ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban bango, sannan ya juya da gaskiyarsa ya ce, "Madam, wannan ita ce tambaya ta farko?"

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na dai san yara sun kife a kan tebura, wata uwa tana share hawaye da bakin gyale, wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Goggo Ladi ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Wayyo Yesu, wayyo ni Ladi." Ni kuwa ina tsaye, na riƙe hulata da hannu ɗaya kamar iska za ta ɗauke ta. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Sabo ya taso, ya ratsa ta tsakanin kujeru, ya zare wayar majigi daga bango, ya koma ya zauna. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba a yi jarrabawar ba. A ofis Madam ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Wa ya buɗe ƙofar da ka ce kana gadi?"

"Ni ne, Ma."

"Za ka je ka ba Malam Sabo haƙuri a gaban malamai. Za ka gyara mini na'urorina. In ka gama ka ajiye makulli a nan."

Na yi duka. Gyaran ya ci kwanaki, don sai da na goge kowace kwamfuta na sake ɗora mata komai daga farko, ga wuta tana zuwa tana tafiya. Kafin in gama, lokacin jarrabawar gaske ya matso, yaran suka shiga da ɗan abin da suka samu na gwaji. Wannan ne ba ya ba ni dariya ko yanzu. Yarinyar nan ta layin gaba na gan ta daga baya tana taya uwarta sayar da doya a bakin titi. Ban san yadda jarrabawarta ta kasance ba, ban kuma iya tsayawa na tambaya ba. Na sunkuyar da kai na wuce.

Rifkatu kuwa, hoton ya riga ni isa gida, balle Jos. Daga wayar wata 'yar zumunta zuwa ta wata, har hannun mahaifiyarta. Da yamma ta kira.

"Wanne ne kai a ciki, na dama ko na hagu?"

"Na hagu," na ce.

Ta ce, "Babana sanƙo ne da shi. Yayyena duka haka. Da ka turo na gaskiyar, dariya kawai zan yi maka." Ta ja numfashi. "Sai an jima."

An jiman nan ita ce har yau. Bara ta yi aure. Goggo Ladi ta je bukin (ta ce zumunci ya fi ƙarfin abin kunyata), ta dawo ta same ni a 'yar rumfar da nake gyaran waya yanzu, ta zauna a benci ba sallama.

"Ka ga angon kuwa?"

"Goggo, ina zan gan shi?"

"Tun daga bakin ƙofar coci kansa ke haska mutane. Kai ma kana da na gefe. Shi ko gefen babu."

Na ci gaba da kwance wayar da ke hannuna, wadda ba abin da ya same ta.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. In za ka karɓi abu ɗaya daga rumbun baƙo, ka faɗa wa kwamfuta sunan abin, ka hana ta sauran, tun kafin ka tashi daga kujera, don ita ba ta san "in na dawo" ba. In kuma har ƙarya ta zame maka dole, to ka fara duba ko na'urar tana haɗe da majigi.