Yadda Za Ki Cinye Akuyar Ƙungiya Kafin Ta Haihu

“Ina akuyar, Rabi?”

“Na ce miki kura ta ɗauke ta!”

“Kura? A nan Maraɗi, unguwar Zariya, bayan gidan mai?”

Rigimar Atika da Rabi da nake saurare ta katanga ke nan yanzu haka. Ƙungiyarmu ta mata ta sayi jar akuya a kasuwar Jiratawa. Dokar ita ce kowa ta riƙe ta har ta haihu, ta ɗauki ɗiyar, ta miƙa uwar gaba. Haka har jikoki, in ji su. Atika ce ke bin Rabi a layi, ga marayu huɗu suna jiran nono. In kina son ki ci jarin jama'a kamar maƙwabciyata Rabi, bi ni a sannu. Ban taɓa ganin hanyar nan ta kasa ba.

1. Ki fi kowa bakin kirki

A wajen taro ki riga kowa cewa, “Jari haƙuri yake so, mu tuna da na baya.” Ki share hawaye da bakin mayafi. Ke za a fara ba akuyar.

2. Ki nemo biki

Maraɗi ba ta rasa biki. In an fitar da anko, ki dubi zanen, ki dubi akuyar. Akuya dai ba a ɗaura ta a ƙugu. Jikoki kuwa, ai da hannuwansu za a haife su.

3. Kada ki sayar a kusa

Ki kai ta Tibiri. Amma ki zaɓi ɗan kabu-kabu marar surutu. Nan Rabi ta yi kure: ta hau bayan Maliki, ƙanen Atika, akuya tana kuka a cinyarta.

4. Ki shirya mutuwarta

Ki ce ta ci leda, cikinta ya kumbura. Kowa ya san akuya da leda. Kura kam, yarinya, ki bar wa mutanen daji.

5. Kada ki sa ankon ranar da za a zo tambaya

Rabi tana sanye da shi yanzu, har da ɗankwali.

Tsaya, muryar Atika ta sauka. Bari in hau turmi in leƙa.

To! Ta kwance ragon layyar Lawali, mijin Rabi.

“Atika, don girman Allah! Mi zan ce ma maigidan?”

“Ki ce kura ta dawo, Yaya. Jari haƙuri yake so. Zan riƙe shi har ya haihu, sannan in maido miki uwar.”

Ni dai tsohuwa ce, ko ajin yaƙi da jahilci ban ƙare ba. Wadda ta bi shawarata ta rasa rago ko miji, ban san ta ba, kada ta zo mini zaure.

Atika ta ja ragon waje, ta maka ƙofar langa-langa har turmina ya girgiza.