Jinin Amama a Cikin Kular Sobolo

Masu karatu, in a cikinku akwai wanda ya ga wani dattijo mai furfura yana bin motar haya ta trotro da gudu a bakin titin Maamobi wata Talata da hantsi, rungume da kular sobolo, wato zoɓo, ni ne. Ban canja sana'a ba. Jinin matata ne a ciki.

Da ƙyar na samu wurin zama. Wata mata da ke gefena ta dubi kular ta ce, "Baaba, ba ni mai sanyi guda ɗaya." Na ce mata ba na sayarwa ba ne. Ta ce to me nake yawo da shi? Na ce jini ne. Ta sauka a tasha ta gaba, ni kuwa na samu sararin miƙe ƙafa.

Ga yadda abin ya faro. Matata Amama, mai koko da ƙosai a lungunmu, tana ɗaura mayafi wata safiya sai ta ji wani ɗan ƙullutu a gaban wuyanta, kamar ƙwallon dabino. Ta yi shiru da maganar har sati biyu, domin ƙanwar mahaifiyarta ciwon wuya ne ya yi ajalinta. Da na gane, na tasa ta gaba muka je asibiti. Wata likita mai haƙuri ta sa aka ɗauki hoton wuyan, ta ce ƙullutun yana jikin abin da suke kira tayirod, sannan ta rubuta gwajin jini mai suna kalsitonin. Ta ce akwai wani nau'in kansar wuya da ke sa wannan sinadari ya ƙaru a jini, kuma tunda ba a san abin da ya kashe innar ba, gara a duba.

Hankalina bai tashi ba, don na san asibitin yana da injin gwaji sabo fil. Ina wurin bara, ana saura wata biyu zaɓe, lokacin da ɗan siyasar da muke kira Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo buɗe shi. An kafa rumfuna goma sha biyu, an kawo makaɗa, an raba hula da riga, an rataya hotonsa wanda ya fi injin tsawo da faɗi. Ya yanka kirtani, ya ce daga yau ɗan Zongo ya daina yawo neman lafiya. Har tafi na yi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce mini injin yana nan lafiya lau. Ta ma ɗaga labule na gan shi, an lulluɓe shi da zane kamar jariri. Ruwan maganin da yake aiki da shi ne kawai bai iso ba. Na ce yaushe zai iso? Ta ce an kafa kwamiti, kuma kwamitin ya tafi ƙasar waje ya ga yadda wasu suke sayen nasu. Allah ya saka wa kwamiti da alheri. Ba kowa ne zai bar iyalinsa ya je ya kwana a otal saboda wuyan Amama ba.

Sai ta ce za ta ɗebi jinin, amma ni zan kai shi wani ɗakin gwaji a can ƙarshen gari, kuma kada ya ji zafi, don in ya ɗumama sinadarin yana lalacewa, lamba ta fito ƙasa, a ce wa mai ciwo lafiyarsa ƙalau. Na ce to a sa a firji mana kafin motar asibiti ta zo. Ta ce babu wuta, janareta kuma an are shi zuwa wani bikin buɗe rijiya. Motar asibiti fa? Ita ce ta ɗauki janaretan. Wannan ne ya kai ni ga aron kula da ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu Mariam.

Bayan kwana tara takarda ta fito. Lamba goma sha tara, an buga mata tauraro a gefe. Ganin likita kuwa sai Litinin, ga shi ranar Alhamis ce.

Kuskuren da na yi shi ne biyawa ta wurin shan ataya da takardar a hannu. Abdul-Fatawu mai gyaran waya ya karɓa, ya latsa wayarsa sau uku, ya cire hula ya ce, "Alaji, sai haƙuri." Kadiri direba ya ce shi a saninsa goma sha tara cikin ɗari faɗuwa ce, ko a makaranta bulala ake yi wa mai ita, amma bai san ko a asibiti faɗuwar ce ake so ba. Mutawakilu mahauci ya ce ya yanka wuya ya fi dubu bai taɓa ganin kalsitonin ba, ƙirƙira ce ta Turawa. Wani kuma da ba zan faɗi sunansa ba, saboda ladani ne, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko akwai lamba ta biyu a takardar, wai wani abokinsa yana buga loto.

Na isa gida. Amama ta dubi fuskata kawai ta gane. Kwana ukun nan ba ta yi kuka a gabana ba, sai dai ta riƙa nuna mini inda takardun gida suke da inda take ajiye maganin hawan jinina. Ranar Asabar na ji ta kira Mariam ta zaunar da ita, tana karanta mata abin da take zubawa a kokonta ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin Mariam tana roƙon wannan sirri. A nan ne na fita bayan gida na daɗe ban dawo ba.

Ranar Litinin likita ta duba takardar, ta dubi Amama, ta ce, "Mma, kina shan maganin olsa?"

Amama ta ce, "Kullum da safe, 'yata. Shekara uku ke nan. A kemis nake saye."

Likita ta ajiye biro. Ta ce wannan lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci. A ma'aunin wancan ɗakin gwajin, in ta gaza goma ba a cika damuwa ba, in ta haura ɗari to magana ta yi nauyi, abin da ke tsakani kuwa tambaya ce, ba amsa ba. Ta ce irin wannan maganin olsa yana iya ɗaga ta, ciwon ƙoda yana ɗaga ta, taba ma haka, kuma ta maza takan ɗara ta mata. Da ta ambaci taba sai ta kalli aljihun rigata, ni kuma na kalli silin. Ta canja wa Amama magani, ta ce a sake gwajin bayan wasu makonni a wuri ɗaya, don kowane ɗakin gwaji da nasa ma'auni. Ta ƙara da cewa ko lambar ta sauko sai an tsotsi ƙullutun da allura an duba, saboda akwai kansar wuyan da ba ruwanta da kalsitonin.

Na ce, "Dokta, ai wannan bayani minti biyar ne. Me ya sa ba a yi mana shi tun Alhamis ba?" Ta ce ita kaɗai ce a sashen, su uku aka rubuta a takarda, kuma tana son ta haɗu da sauran biyun wata rana su gaisa.

Haka na sake hawa trotro da kula. Wannan karon lamba ta fito uku. Allura kuma ta nuna ƙullutu ne kawai, ba kansa ba, za a riƙa duba shi lokaci-lokaci. Amama ta yi sujada a nan tsakar ofis. Da ta ɗago, abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, Mariam fa." Ta makara. Mariam ta riga ta kafa tebur a ɗaya bakin lungun, kuma in faɗi gaskiya tsakanina da ku, kokon ya yi daɗi.

A bakin ƙofa wani ma'aikaci ya miƙo mini takarda, ya ce daga sama aka aiko, manya suna son jin ra'ayin talaka kan yadda aka kula da shi. Gurabe uku ne a jiki: da kyau, da kyau sosai, da kyau ƙwarai da gaske. Na daɗe ina nazari, sannan na zaɓi na tsakiya, don kada a ce ina da jam'iyya.